Waken da Ya Hau Rumfar Baffa

A gidanmu ba a taɓa wayar gari an ce Baffa ya yi kuskure ba. Yana yi, ɗan Adam ne, mu ne dai ba ma barin abin ya amsa sunan kuskure. In ya ce yau Laraba alhali Alhamis ce, sai a ce masa haka ne, kowa ya tashi ya kama harkarsa ta Alhamis. Wan mahaifina ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, shi ya kai ni koyon ɗinki a cikin Ikara, sana'ar da nake ci da ita har yau. Don haka duk abin da zan faɗa a nan da ƙauna nake faɗarsa, ko da yake har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ƙauyenmu yana kan hanyar Kurmin Kogi. Baffa ya tashi lokacin da kurmin yake kurmi, kafin masara da tumatir su cinye shi. A ciki ya yi kiwo, a ciki ya yi farauta, kuma babu itace ko ciyawa ko abin yaɗo da bai san sunansa ba. Shi ba boka ba ne, bai taɓa sayar da magani ba. Abin da yake yi kawai shi ne ya gaya maka sunan abu, da ko mutum na ci, ko dabba na ci, ko kuwa a yi nesa da shi. Har daga Paki mutane kan zo da ganye a ƙulle a leda, su same shi a rumfarsa ta ƙofar gida, ƙarƙashin darbejiya. Sai ya karɓa, ya ɗaga shi sama wajen haske, ya juya sau ɗaya, ya faɗi suna, ya miƙa maka abinka. Ba ya murzawa, ba ya shinshinawa. Yakan ce shinshine aikin akuya ne, wanda ya san abu da ido yake saninsa. Wannan ɗaga ganyen shi ne sarautarsa, kuma ba shi da wata.

To, sai yanar ido ta fara rufe masa gani. A hankali ta zo, kowa yana gani sai dai ba a magana. Yakan gaida dirkar rumfa yana zaton mutum ne a tsaye, wanda yake kusa ya yi maza ya amsa a madadinta. Shi bai ce ba ya gani ba, mu kuma wa ya isa ya ce masa. Amma masu kawo ganye ba su daina ba, shi ma bai daina ɗagawa sama ba.

Nan ne Yaya, babban ɗansa, ya buɗe nasa ofishin. Duk wanda ya bar rumfar Baffa dole ya bi ta wani lungu kafin ya fita hanya, sai Yaya ya kai benci ya ajiye a bakin lungun, wai yana ɗinkin buhuna. Na tuna wata mata da ta zo da ganyen fatakka tana zaton yaɗiya ce, tana son ta yi kwaɗo. Baffa ya ɗaga, ya juya, ya ce yaɗiya ce. Duk mazauna rumfa muka haɗa baki muka ce ƙwarai kuwa. Tana isa lungu Yaya ya tare ta ya ce a hankali, "Baiwar Allah, yadda Malam ya faɗa haka ne, yaɗiya ce, amma irin wadda ba a ci. Zubar da ita." Cikin ɗan lokaci ƙasarmu ta cika da sababbin tsirrai da ba a taɓa ji ba: sabara irin wadda ba a sha, geza irin wadda ba a ba dabba, lalo irin wanda ba a miya da shi. Mutane suka gane tsarin sarai. Su gaida Malam a rumfa, su karɓi amsa a lungu, kowa ya tafi da mutuncinsa.

Ana cikin haka, wata bazara muka ɗebo ƙasa daga bakin rafi, a ɗan ragowar kurmin, muka cike ƙasan rumfar don ruwa yana kwanciya. Da damina ta sauka sai wani tsiro ya fito a gindin dirka, mai ganye uku-uku, ya fara nannaɗe dirkar yana hawa. Hannun Baffa ya taɓa shi wata safiya yana neman butarsa. Ya sunkuya ya yi kamar yana kallo, ya daɗe, sannan ya ɗago fuskarsa cike da murna irin wadda na jima ban gani ba.

Ya ce, "Waken damfami ne. Irin wanda Inna take shukawa a jikin darninta. Rabon da in gan shi tun tana da rai."

Inna mahaifiyarsa ce, kakarmu. Muka ce ƙwarai kuwa, Allah ya ji ƙanta. A gaskiya a wannan lokacin ba mu yi ƙarya ba, don abin yaɗo mai ganye uku-uku yana da yawa, kuma tun yana ƙarami ba kowa ke rarrabewa ba. Baffa ya sa aka kewaye gindin da ƙaya saboda awaki. Ruwan alwalarsa a nan yake zubawa. Ya kuma yanke cewa a saukar Alƙur'anin da yake sa malamai su yi wa iyayensa duk shekara bayan girbi, a wannan rumfar za a zauna kamar kullum, kuma da wannan waken za a dafa abin sadaka.

Abin ya samu ƙasa mai kyau da ruwan alwala sau biyar a yini. Ya rufe rumfar ruf, ya zarce ya kama reshen darbejiya, ya yi sama. Da kaka ta gabato sai ya yi fure.

Waken damfami furensa tsaye yake yana kallon sama, mai haske, fari-fari ko ja-ja. Wannan kuwa reto yake yi ƙasa dunƙule-dunƙule, launinsa duhu kamar makuba, kowane fure da ɗan lanƙwasa a baki. Wallahi yana da kyau, masu wucewa har tsayawa suke. Amma duk wanda ya taɓa bin akuya cikin kurmi yana yaro ya san wannan furen, kuma jikinsa ya fi shi saninsa. Ƙarara ce. In furen ya zube sai ta yi kwanso mai gashi laushi-laushi, gashin nan kuwa in ya taɓa fata mutum sai ya manta da girmansa. In ta bushe ba sai ka taɓa ta ba, iska kaɗan ta isa ta kawo maka har cikin riga.

Ranar da na fara ganin furen na dawo daga shago ne. Na tsaya da babur ɗina ban kashe ba. Na dubi Yaya a kan bencinsa, shi kuma ya mai da kansa kan buhu kamar ranar ya fara koyon ɗinki. Baffa ya ji ƙarar babur ya ce, "Ka ga waken Inna ya yi fure?" Na ce na gani, Baffa. Ya ce, "Ya yi kyau ko?" Na ce ya yi kyau ƙwarai. Wannan ma ba ƙarya ba ce.

Muka haɗu bayan rumbu ni da Yaya. Na ce a gaya masa kawai. Yaya ya dube ni kamar na ce a rushe masallaci. Ya ce in an ce masa ƙarara ce, an ce masa bai gane ƙarara ba ke nan, in kuwa bai gane ƙarara ba, wadda ko yaro ya sani, to an ce masa makaho ne a gaban jama'a. Ya ce shi bakinsa ba zai iya ba, in ni nawa zai iya ga hanya nan. Na buɗe baki zan ce zan iya, sai na tuna hannun da ya riƙe ni ranar da aka binne mahaifina, na rufe. Sarewa a ɓoye kuma ba ta taso ba, don kullum da safe sai ya shafa gindin ya yi wa Inna addu'a.

Yaya ya ce a nemo babba. Ƙanin Baffa yana Makarfi yana noman rake yana dafa mazarƙwaila, Baba Ƙarami muke ce masa, ko da yake gemunsa fari fat. Na je na ɗauko shi, a hanya yana ta cika baki a bayana, wai mu yaran yanzu ba mu san yadda ake magana da manya ba, shi zai nuna mana. Da muka iso ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, aka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi gona, aka tambayi gajiya, aka koma aka sake tambayar gida. Sannan ya ɗaga kai ya kalli furen da ke reto a saman hularsa.

Ya ce, "Malam, wannan abin naka..."

Baffa ya ce, "Ka tuna shi ko? Na Inna."

Baba Ƙarami ya ce, "Masha Allah. Shi ne sak. Allah ya ji ƙan Inna."

A hanyar mai da shi, sai da muka kusa Makarfi sannan ya ce min ai ba a yi wa babba gaggawa.

Muka gwada liman. Ya zo bayan la'asar ya zauna nesa da dirka, ya yi doguwar nasiha a kan yadda Allah cikin hikimarsa yake halittar abubuwa biyu su yi kama a zahiri alhali ɗaya alheri ne ɗaya cuta. Baffa ya saurara yana gyaɗa kai, ya ce wallahi gaskiya ne, Liman, mutanen yanzu duk haka suke. Liman ya shafa fatiha ya tafi.

Furen ya zube, kwanso ya fito. Nan Yaya ya zo da dabarar da har yau in na tuna ban san ko dariya zan yi ko kuka ba. Akwai waken damfami na gaskiya a jikin darnin Baba Ƙarami a Makarfi. Yaya ya ce duk kwanson ƙararar da hannun Baffa zai iya kaiwa mu cire shi, mu ɗaura na gaskiya a wurinsa. Wa zai ɗaura? Ai akwai tela a gidan. Haka na zama tela na farko a ƙasar Ikara da ya yi wa tsiro aiki. Ranar Juma'a in an kai Baffa masallaci, Yaya ya sa leda a hannu ya tsinke na ƙasa da awartaki, ni kuma in bi da koren zare ina ɗaura waken Makarfi, ƙulli ƙarami a bayan ganye. In ya yi kwana biyu ya yi yaushi, sai a nemi wata dama a sake. Baba Ƙarami, wanda ya kasa faɗin kalma ɗaya, bai taɓa fashin aiko da wake ba, har da zaɓo masu kyau.

Baffa yakan miƙa hannu ya taɓa kwanso mai santsi, ya yi murmushi, ya ce bana Inna za ta samu sadaka. Amma na saman rumfa da na kan darbejiya, inda ko tsani bai kai ba, suna nan suna nuna abinsu. Da suka fara bushewa aka shiga wani hali.

Kowa ya san ba a susa a gaban babba, balle a tsakiyar gaisuwa. Sai ka ga dattijo ya durƙusa yana "ina gajiya, ina iyali," kafaɗarsa tana rawa ita kaɗai, yana goga baya a jikin dirka da dabara kamar yana gyara zama. Gaisuwar da a da sai an gaji da ita ta koma sallama da sai an jima. Mai shayin da ke kusa ya matsar da teburinsa can gaba, ya ce wai rana ce take damunsa. Wani maƙwabcinmu mai son zama ya daure ya kai azahar, da ya tashi sai da ya shiga lungu ya tuɓe riga, Yaya yana shafa masa toka da man gyaɗa. Ofishin lungu ya samu sashe na biyu. Kuma duk wanda ya fito yana susa, in ka tambaye shi sai ya ce ai waken Malam ya yi albarka.

Duk wannan abin dariya ne. Abin da ba na dariya ba shi ne Baffa da kansa, don shi ne yake wuni a ƙarƙashinta. Ya fara susa a ɓoye cikin babbar riga. Ya ce ko sabulu ne, aka canja sabulu. Ya ce ko tabarma ce, aka saya masa sabuwa. Ya ce to jini ne na tsufa, muka ce ƙwarai kuwa, tsufa na kawo haka. Wata rana ina zuba masa ruwan alwala ya naɗe hannun riga, na ga damtsensa duk ya yi ja, wani wurin har ya fashe. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma da kanmu nake fushi. Mutanen da ke cire takalmi tun daga nesa saboda girmansa su ne suka bar shi yana yage fatarsa, wai don kada ransa ya sosu. Ga kuma ranar sauka tana matsowa, malamai za su zo daga Hunkuyi su zauna a nan tun safe da Alƙur'ani a hannu, inda ba damar ko motsi.

Tunanin Hunkuyi ne ya tuno min da Gwaggo, don a can take zaune. 'Yar kawun Baffa ce, wato taubashiyarsa, kuma a duk duniya ita kaɗai al'ada ta ba damar ta faɗa masa abin da ta ga dama. Tsakanin taubasai babu kunya babu girma. Ita bawanta take kiransa, shi kuma ya ce mata tsohuwar banza, a yi dariya. Ban shawarci Yaya ba, na hau babur.

Na same ta a tsakar gida tana shanya daddawa. Da na gama ba ta labari, musamman da na zo kan zare, sai ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya har da hawaye. Ta ce, "Koren zare? Kai dai Allah ya shirye ku. Gida cike da maza masu gemu, an rasa mai baki sai ni." Ta share ido ta ce in zo in ɗauke ta ana gobe sauka.

Muka iso da hantsi. Rumfa tana da mutane, don an fara taruwa ana shirin gobe, kowa yana zaune a gefe-gefe inda yake zaton iska ba ta bi. Gwaggo ba ta cire takalmi ba. Ta tsaya ta riƙe ƙugu ta ɗaga kai.

Ta ce, "Kai bawana, ashe haukan naka ya kai haka? Ƙarara ka shuka a kanka kana ba ta ruwan alwala?"

Sai Baffa ya tuntsire da dariya.

Ya ce, "Ku ji tsohuwar banza. Ba ta ko gaisa ba ta fara sharri. Waken gwaggonki ne, mara kunya."

Ta ce, "Wallahi ƙarara ce. Makaho kawai."

Ya ƙara dariya har yana tari. Jama'a da suka ga ya yi dariya sai suka samu mafita, kowa ya kama dariya yana susa, har wani yana cewa kai Gwaggo ba dama. Nan na ga inda dabarata ta ɓaci. Shekara da shekaru tana ce masa makaho tun idonsa garau, tana ce wa gonarsa juji, tana ce wa rigarsa buhu. Wanda aka yarda ya faɗi komai, ba a ɗaukar komai nasa da gaske. Ta faɗi gaskiya ƙarara a gaban kowa, an karɓa a matsayin wasan taubasai.

Gwaggo ta dubi masu dariya, ta dube ni. Sai na ga fuskarta ta canja. Ta sunkuya ta cire takalmanta, ta matsa ta durƙusa a gefen tabarmarsa, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta kama hannunsa ta ɗaga rigar ta kalli damtsen. Sannan ta ja hannun a hankali ta kai shi kan wani kwanso, ta zarce da yatsunsa bayan ganye, ta ajiye su a kan ƙullin.

Ta ce masa, "Yaya, taɓa nan."

Ina jin kiransa Yaya da ta yi don girmamawa, maimakon bawana, shi ne ya fara tsayar masa da dariya. Ya murza wurin da yatsa biyu. Ya sake murzawa. Ya ja kaɗan, kwanson ya taho a hannunsa da guntun zare yana lilo. Babu wanda ya motsa, har susar ma aka daina.

Ya ce, "Wannan ƙullin tela ne."

Na ce, "Ni ne, Baffa."

Bai juyo wajena ba. Ya ce, "Furen wane iri ne? Tsaye yake ko reto?"

Na ce reto yake, mai duhu.

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Tun da ya yi fure kuka sani ke nan." Ya murza guntun zaren. Ya ce, "To ganyen da mutane ke kawowa fa?"

Yaya ya taso daga inda yake ya durƙusa, kansa a ƙasa, ya ce yana duba musu a bakin lungu kafin su tafi, kuma babu wanda ya cutu.

Baffa ya daɗe yana juya kwanson a hannunsa. Da ya yi magana muryarsa ba ta da faɗa ko kaɗan, kuma da ya yi faɗan da ya fi min sauƙi.

Ya ce, "Kuna zaton ban san idona ya tafi ba? Ni ne a cikinsa. Abin da ya sa ban daina karɓar ganye ba, na ce ai ina zaune cikin 'ya'yana da na koya wa. In na faɗi suna sai in kasa kunne. Na ce in na kuskure wani zai yi gyaran murya, ko ku yi shiru, in gane. Kullum sai in ji ƙwarai kuwa, sai in ce alhamdulillahi, ashe da saura. Wannan ma jikina ya gaya min tun ranar farko, na san cizon ƙarara tun ban kai ku ba. Amma na taɓa na ji wake, masu ido kuma duk sun ce wake ne. Sai na ƙaryata jikina."

Gwaggo tana kuka a fili. Ni kuwa kunya ce ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba, don duk tsawon lokacin nan muna zaton muna rufa masa asiri, ashe da kunnensa yake gani, mu kuma muna toshe shi.

Shi ya gaya mana yadda za a yi da ita. Ya ce a fara jiƙa ta sharkaf da ruwa don kada gashin ya tashi, a sare daga gindi, a jawo ta da ƙugiya kada a girgiza reshe, a kai bayan gari inda iska ba ta dawowa a ƙone. Ya ce ƙasar rumfar ma a kwashe ta sama, don akwai iri a ciki. Haka aka yi, kuma babu wanda ya yi susa a aikin. Washegari malamai suka yi sauka a zaure. Aka dafa abin sadaka da waken Makarfi, wanda Baba Ƙarami ya kawo da kansa ya ajiye bai yarda sun haɗa ido da kowa ba.

Bayan 'yan kwanaki ina zaune kusa da Baffa a rumfar, wadda ta koma fayau, sai ga wani Bafulatani ya zo da ganye a ƙulle a bakin rawaninsa. Ya gaisa, ya ce saniyarsa ce ta ci wannan cikinta ya kumbura. Ya kwance ya miƙa. Na zuba ido ina jiran hannun nan ya tashi ya ɗaga ganye wajen haske, har na shirya a raina cewa yau in ya kuskure zan yi gyaran murya kowa ya ji.

Hannun bai tashi daga kan gwiwarsa ba. Ya ce, "Allah ya ba ta lafiya. Wuce bakin lungu, akwai mai dubawa. Can dai za ka ƙare, gara ka fara da can."

Mutumin ya tsaya da ganyensa a hannu yana dubana. Na tashi na raka shi wajen Yaya.